Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Awon Sabis a Ƙasar Wudil

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a da hantsi ya san irin gardamar da takan kaure a kara, lokacin da aka gama cinikin sa, mai saye ya ce ya tura kuɗi, mai sayarwa kuma ya ɗaga wayarsa sama yana jiran saƙon banki. Nan take sai a rabu gida biyu ko uku, wannan ya ce layin kaza ne ba shi da kirki, wancan ya rantse cewa a ƙauyensu shi kaɗai ne yake kamawa. Irin wannan gardama ake yi a ɗakin malamai da kuma tsakanin ɗaliban da suke fafutikar yin rijistar JAMB ko duba sakamakon NECO. Kowa yana da labari, amma da wuya a sami mai adadi a rubuce. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da makarantun sakandare na wannan yanki za su mai da wannan gardama aikin kimiyya, wato su auna sabis da kansu, su rubuta, su kwatanta.

Kafin a kai ga awo, ya kamata mai karatu ya san inda aka fito. A watan Janairu na 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agusta na shekarar MTN da Econet, wanda a yau ake kira Airtel, suka fara aiki. Globacom ya biyo baya a 2003, sa'an nan Etisalat a 2008. Da farko murya da gajeren saƙo ne kawai abin nema. Daga baya aka ba da lasisin 3G a 2007, manyan kamfanoni suka shiga 4G daga 2016, sa'an nan aka yi gwanjon 5G a watan Disamba na 2021. A 2020 gwamnatin tarayya ta fito da shirin faɗaɗa intanet mai sauri na shekara biyar, wanda ya sa burin cewa zuwa 2025 za a sami aƙalla megabit 25 a daƙiƙa a birane, da megabit 10 a karkara, kuma sabis ya kai ga kashi 90 cikin ɗari na jama'a. Ga ma'auni nan gwamnati da kanta ta ajiye. Abin da ya rage shi ne a ɗora Utai da Darki da Indabo da Achika a kansa a ga inda kowanne ya tsaya.

Abubuwa uku ake aunawa, kuma sau da yawa akan cuɗanya su. Na farko shi ne ƙarfin sigina, wanda 'yan sandunan nan na saman waya suke nunawa. Sandunan ba ma'auni ba ne na sosai, domin kowace waya da yadda aka tsara nata. A cikin saitin yawancin wayoyi akwai adadi na ainihi da ake rubutawa da dBm, mai alamar ragi a gabansa. Duk ragin 10 yana nufin ƙarfin ya ragu ninki goma, saboda haka wayar da take nuna -110 tana samun kashi ɗaya ne cikin dubu na ƙarfin da mai nuna -80 take samu. Na biyu shi ne sauri, wato yawan bayanan da suke sauka ko suke hawa a daƙiƙa guda. A nan akwai tarko: ana auna sauri da megabit, ana sayar da data da megabait, kuma bit 8 ne suke yin bait ɗaya. Littafin da nauyinsa ya kai megabait 30 zai sauka cikin daƙiƙa 24 idan saurin megabit 10 ne, amma sai ya ci minti 4 idan megabit 1 ne. Na uku shi ne jinkiri, wato lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo, wanda ake ƙirgawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Shi ne yake sa magana ta riƙa sarƙewa a kiran bidiyo ko da saurin yana da dama.

Me ya sa waya takan nuna sanduna cike amma shafi ya ƙi buɗewa? Dalili shi ne ƙarfen sabis kamar rijiyar unguwa yake. Ruwan da take bayarwa a awa guda yana da iyaka, kuma duk masu guga ne suke raba shi. Ranar Talata da asuba mutum kaɗan ne a bakinta. Ranar Juma'a da rana, sa'ad da fatake da direbobin hanyar Kano zuwa Maiduguri suka cika gari, sai rabon kowa ya ƙanƙance alhali sigina bai ragu ba ko kaɗan. Har ila yau, bayan ƙarfen akwai wayar gilashi da take ɗauke da bayanai zuwa manyan cibiyoyi har zuwa gaɓar teku a Legas. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka sami matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama ba tare da an taɓa ƙarfe ko ɗaya a Kano ba.

Batun nisa kuwa, tsofaffin masu sauraron rediyo sun riga sun san rabin bayaninsa. Tashoshin gajeren zango da ake kamawa a kan mita 19 ko mita 25, wannan adadi tsawon igiyar rediyon ne. Igiyar wayar salula ta fi haka gajarta nesa ba kusa ba. A kan megahaz 900 tsawonta kamar santimita 33 ne, a kan 1800 kamar 17, a kan 3500 da 5G take amfani da shi kuwa bai kai santimita 9 ba. Gwargwadon gajartar igiya, gwargwadon saurin gajiyarta a hanya da kuma wahalar ratsa katanga. Jinkar kwano tana mai da ita baya, katangar ƙasa mai kauri tana shanye ta, ganyen mangwaro da na darbejiya ma suna rage mata ƙarfi saboda ruwan da yake cikinsu. Wannan ya sa awon da aka yi da rani, lokacin da itatuwa da yawa suka kaɗe, ba lalle ne ya yi daidai da na damina ba, lokacin da dawa ta fi mutum tsawo.

To, yaya za a yi awon? Ɗalibin nazarin halittu bai buƙatar sabon darasi, domin hanyar ita ce wadda ake bi wajen ƙidayar tsirrai a fili. Ba a ƙirga ciyawar daji duka. Layi ake ja, a riƙa tsayawa a tazara guda, a rubuta abin da aka tarar. Haka za a ja layi daga gadar Wudil a bi hanyar Gaya, ko a nufi wani ƙauye, ana tsayawa a kowace kilomita. A kowace tasha a yi amfani da waya guda, ana canza layukan kamfanoni a cikinta, domin idan aka gwada layi ɗaya a sabuwar waya, ɗaya a tsohuwa, to wayoyin aka kwatanta. A maimaita awon aƙalla sau biyar, da safe da rana da almuru, a ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba, a waje da kuma cikin aji. A rubuta kwanan wata da lokaci da wurin, da kuma ko wayar tana kan 3G ne ko 4G. Inda babu sabis sam, a rubuta sifiri, kada a tsallake, domin wannan sifirin ya fi kowane adadi daraja a taswirar.

Wajen haɗa sakamako ma akwai darasin lissafi. A ɗauka an sami 2 da 3 da 3 da 4 da 28. Idan aka tara aka raba biyar, 8 za a samu, adadin da bai yi kama da abin da mai wayar ya gani sau huɗu cikin biyar ba. Idan kuwa aka jera su aka ɗauki na tsakiya, 3 za a samu, kuma shi ne ya fi kusa da gaskiyar zaman yau da gobe. Ɗalibin da ya gane wannan bambanci ba zai sake ruɗuwa da tallan da yake ambaton mafi girman saurin da aka taɓa samu ba.

Babu shakka za a sami masu suka, kuma sukar tasu tana da nauyi. Wani zai ce ai akwai manhajoji irin su Speedtest da Opensignal da suke tattara miliyoyin awo a duniya. Haka ne, amma adadinsu yana fitowa ne daga wayoyin waɗanda suka saka manhajar, waɗanda yawancinsu mazauna manyan birane ne masu wayoyi masu tsada. Wanda ya ɗebi kifi a bakin gada kaɗai bai san abin da yake cikin kogin Wudil duka ba. Wani kuma zai kawo batun kuɗi, tun da awo guda da manhaja yakan ci data mai yawa, ga shi a watan Janairu na 2025 NCC ta amince a ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Maganin wannan shi ne a zaɓi fayil ƙarami wanda aka san nauyinsa, misali megabait 5, a sauke shi ana duba agogo, a raba nauyi da lokaci, a ninka da 8. Batun hana ɗalibai riƙe waya a makaranta ma ba cikas ba ne, domin wayar malami guda ta isa, ɗalibai kuma su riƙe agogo da littafin rubutu.

Amfanin wannan aiki ya wuce aji. Shugaban makaranta zai san layin da ya dace ya saya wa ɗakin kwamfuta bisa hujja. Iyaye za su san inda za a tsaya a yi rijistar jarrabawa ba tare da ɓarnar kuɗin mota ba. Mai ƙorafi da ya kira lambar NCC ta 622 ko ya rubuta wa kamfani yana riƙe da jadawalin wata uku, maganarsa ta fi ta wanda ya ce kawai sabis ba kyau. Adalci kuma zai shafi kamfanonin su ma, domin awo zai nuna inda suka yi ƙoƙari kamar yadda zai nuna inda suka gaza.

Wudil ba ta rasa masu jagorancin wannan aiki ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a garin a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, tana da malamai da ɗaliban da za su iya tsara takardar awo guda ɗaya da kowace makaranta za ta yi amfani da ita, su kuma haɗa sakamakon ya zama taswira. Makarantar Kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda take aiki tun 1977, ba ta da nisa. Idan ƙungiyoyin kimiyya na makarantu goma suka ɗauki layi ɗaya ɗaya a zangon karatu guda, kafin damina ta sake zagayowa ƙasar Wudil za ta mallaki taswirar sabis da 'ya'yanta suka auna da hannunsu, kuma duk ɗalibin da ya sa hannu a ciki zai fita da sanin yadda ake rarrabe abin da aka ji da abin da aka tabbatar.