Malam, A Jona Na'ura Kafin A Biya

Duk lokacin da wani malaminmu ya karɓi bashin ƙungiya ya tafi Kano sayen mota 'yar Kwatano, fenti da tayoyi ake dubawa, a saurari ƙarar inji, sai a biya. Mu a kulob ɗin 'yan jarida muna ganin wannan ganganci ne.

Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996 suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari. Makanike zai jona ƙaramar na'ura, motar ta faɗi ciwonta da lambobi. P0300 na nufin silinda ba sa kama wuta daidai. P0420 kuma ta shafi abin nan na salansa da makanikai ke kira indomi, wanda sau da yawa an riga an ciro shi an sayar.

Wasu dillalai suna goge lambobin, wasu ma su cire ƙwan fitilar gargaɗi. Don haka, Malam, murɗa makulli ka ga fitilar inji ta kama kafin ka tayar. Sannan a yi tafiya mai ɗan nisa, a sake jonawa.

Mai zuwa Doguwa daga Kwanar Dangora sai ya ratsa dajin Falgore. Can ba wurin tsayawa jiran makanike ba ne.