Kafin A Ba Da Kwangilar Shafin Manoman Kadawa, A Fara Tambayar Makaho

Jama'a, harkar noma tana ta komawa cikin waya: rajistar taki, neman rance, cike fom na tallafi. Duk wanda ya san Kura, Bunkure da Garun Malam ya san ruwan dam ɗin Tiga ne ke ciyar da dubban gidaje, shinkafa da damina, tumatir da alkama da rani. To in ƙungiyar masu amfani da ruwa ko ƙaramar hukuma za ta ɗauko kamfani ya gina mata shafin intanet, tambayata ɗaya ce: wa zai iya amfani da shi?

Mun san yadda ake yi. A ba wanda ya fi araha, ko ɗan wane. Ya zo ofis ya haska hotuna masu sheƙi, a tafa, a biya. Manomi kuwa yana bakin gona, sabis layi ɗaya, datarsa ta ƙare shafi bai buɗe ba.

Na makaho ya fi ciwo. Wayoyin Android suna da TalkBack, manhajar da ke karanta rubutu da murya. Amma in maginin shafi bai sa wa maɓalli suna ba, ko ya ɗora hoton takarda maimakon rubutu, ba abin da za ta karanta masa. Dole ya miƙa wa wani wayarsa, har da lambar NIN da ta asusun banki. Wannan fa tonon asiri ne. Haka dattijon da idonsa ya yi rauni, in rubutu ba ya ƙara girma.

Kuma ba alfarma ake roƙo ba. Tun watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya. Akwai kuma ma'auni na duniya, WCAG, wanda bugunsa na 2.2 ya fito a 2023. A rubuta shi ɓaro-ɓaro cikin takardar kwangila. Kamfanin da ya yi zuru da jin sunan, a sallame shi.

Ni dai shawarata, kada a biya cikon kuɗi sai an gwada. A aika wa Sarkin Makafi ya turo mutum biyu, a haɗa da kurma da dattijo guda, kowa ya yi rajista da wayarsa, a Kadawa, ba a ofis ba. Shafin ya zo da Hausa, ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. Sunan shafin da makullansa kuma su kasance a hannun ƙungiya, don kada kamfani ya tafi da su ranar da aka ɓata.