Jita Mai Wuya Biyar: Kiɗa Muka Zo Ji Ko Kallon Katako?

Yau dai maganar jita za mu yi, wato jitar lantarki, musamman irin waɗanda ake ƙerawa da siffofi na ban mamaki: wata kamar kibiya, wata kamar gatari, wata kamar tauraro, wata ma da wuya biyu ko biyar. Mu da muke zaune a nan kurmi, daga Agege zuwa Sabon Badun har Fatakwal, mun san matsayin jita a kiɗan waɗannan garuruwa, domin kuwa da ita ake juju da hayilayif, ita ce a biki, ita ce a gidan rediyo. Yaranmu da suka tashi a nan da ita kunnensu ya saba, wasunsu har sun fara koyo. Abin da ke damuna shi ne yadda yaro zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, sai ya ga hoton wata jita mai ƙahoni a intanet, ya kwashe kuɗin ya aika, ba tare da ya taɓa ɗora yatsa a kanta ba. Ra'ayina a fili yake: hannu da kafaɗa su ne alƙalan jita, ido ɗan kallo ne kawai.

Mu fara da wadda ta buɗe wannan ƙofa. A shekarar 1958 kamfanin Gibson na Amurka ya fito da Flying V, mai gangar jiki kamar harafin V, tare da 'yar uwarta Explorer, don ya nuna wa abokin hamayyarsa Fender cewa shi ma ya iya zamani. Katakon da aka yi su da shi, wanda suka kira korina, icen nan ne na dazukan Afirka da 'yan katako a nan kurmi suke kira afara. To me ya faru? Flying V ɗin da kamfanin ya fitar a 1958 da 1959 ba su kai ɗari ba, aka dakatar da ƙera ta. Ɗaya daga cikin matsalolinta kuwa duk wanda ya taɓa riƙe ta ya sani: idan ka zauna ka ɗora ta a cinya, sulalewa take yi, saboda ba ta da ƙugun da za ta zauna a kai. Har wani ɗan ƙyallen roba suka manna mata a gefen ƙasa don ya rage santsin. Mai koyo kuma a zaune yake yin mafi yawan atisayensa. Ka ga ke nan an ba shi kyan ɗan maciji.

Na san wani zai ce, ai Albert King da Flying V ya yi suna. Gaskiya ne, amma a duba dalili. Mutumin ƙato ne, a tsaye yake kiɗa, kuma bahago ne da yake juya jitar na-dama ya kaɗa ta a kife. Siffar V ɗin nan, ko ta wane gefe ka juya ta, hannunka zai kai ƙarshen wuya babu abin da ya tare shi. Wato siffar ta dace da jikinsa da irin riƙonsa. Wannan hujja tawa ce, ba ta masu sayen hoto ba.

Yanzu mai karatu ya kwatanta da Stratocaster, wadda Fender ya fitar a 1954. A zamaninta ita ma baƙuwar siffa ce. Amma kowane lanƙwasa da ke jikinta amsa ce ga koken makaɗa. Sun ce gefen Telecaster, yayarta, yana soke su a haƙarƙari, sai aka fafe bayan sabuwar inda take haɗuwa da ciki, aka kuma zaftare inda damtse yake kwanciya. Ƙahon sama da aka tsawaita, shi ke riƙe da maɓallin maratayi, ya sa nauyin ya daidaita a kafaɗa. Shekara saba'in ke nan ana kwaikwayon wannan siffa a duk faɗin duniya. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Haka zancen yake game da jita mai wuya biyu. Jimmy Page na ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila ya fara ɗaukar Gibson mai wuya biyu a 1971, wuya ɗaya tsirkiya 12, ɗayan tsirkiya 6, saboda waƙarsu Stairway to Heaven tana buƙatar duka biyun, kuma a kan dandamali babu lokacin ajiye wata a ɗauki wata. Buƙata ce ta haifi siffar, kuma ya biya kuɗinta da nauyin da kafaɗarsa ta ɗauka. Ba sai mun je Ingila ba ma. A nan Binin, marigayi Victor Uwaifo, mai Joromi, wanda ya rasu a 2021, ya yi suna da jitarsa mai wuya biyu da tsirkiya 18, wadda yake juya ta kamar fanka yana cikin kiɗa. Mutumin masassaƙi ne, har ya koyar da sassaƙa a Jami'ar Binin, saboda haka ya san abin da ido ke so. Amma kafin ya fara juya jita, sai da yatsunsa suka sa ƙasar nan rawa tun 1965. Wanda bai iya kiɗan Uwaifo ba ya je ya sayi irin jitarsa, ya zama kamar wanda ya sayi sirdi bai da doki.

To ina batun mai wuya biyar? Kamfanin Hamer ya ƙera wa Rick Nielsen na ƙungiyar Cheap Trick irin wannan a 1981. Ku dubi hotonta da kyau: wuyan ƙasa yana can wajen gwiwa, sai mutum ya duƙa kafin ya kai gare shi. Shi kansa mai ita yana da tarin jitoci na yau da kullum da yake aikinsa da su, wannan yakan fito da ita ne na ɗan lokaci don a yi shewa, sannan ya miƙa wa yaransa. Ban ga laifinsa ba, barkwanci yake yi kuma ya san barkwanci yake yi. Laifin yana wurin wanda ya ɗauki kayan barkwancin attajiri ya mayar da shi jitarsa ɗaya tilo.

Kada kuma a ɗauka ina tare da dattawan da suke cewa duk siffar da ba su saba gani ba shirme ce. Wajen 1980 wani mai zanen kujeru a Amurka, Ned Steinberger, ya fito da jitar bas wadda ba ta da kai sam, gangar jikinta kuma ƙarama kamar allon ɗan makaranta. Ido ya ƙi ta da farko. Amma dalilinsa mai ƙarfi ne: kunnuwan ɗaure tsirkiya da ke can ƙarshen wuya suna da nauyi, su ke sa wuyan jita ya riƙa rinjayowa ƙasa da zarar ka sake shi, hannun hagu ya koma aikin tallafe maimakon kiɗa. Sai ya mayar da su gindin jitar, nauyi ya dawo jikin mutum. Har 'yar ƙafa mai naɗewa ya sa mata don ta zauna a cinya. Wannan ita ce baƙuwar siffar da ta cancanci girmamawa.

Mu Hausawa bai kamata wannan darasi ya zame mana sabo ba. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, gangar jikinsa kuma ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, amma da shi ya zaga duniya. Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar da yake cika dandamali a Turai da Amurka, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar burkin keke. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Masu cewa ai wasa a dandamali na ido ne kamar yadda yake na kunne, ban musa musu ba. Prince ya fito da jitarsa mai dogon ƙaho a fim ɗin Purple Rain a 1984, kuma ta ƙara masa kwarjini. Sai dai ƙwararren maƙeri ne ya yi ta don jikinsa, kuma yana da ma'aikatan da aikinsu kenan su saita masa ita kafin ya hau. Kwafin da ake sayar wa yaranmu da araha, siffar kawai aka kwaikwaya, an bar ingancin a baya. Sannan ga wata matsala tamu ta gida: katako yana shan danshi yana kumbura, yana bushewa yana motsewa. Jitar da ta saba da laimar Legas, ka tafi da ita Kano da hunturu, wuyanta zai motsa, tsirkiya ta yi sama ko ta riƙa gogar ƙarafunan wuya. Idan ta gama-gari ce, kowane mai gyara ya san yadda zai ja sandar ƙarfen da ke cikin wuyan ya daidaita. Idan mai siffar dodo ce, ko akwatin da za ta shiga ba za ka samu ba, balle kayan gyara, kuma tsinin nan nata shi ne farkon abin da zai ɓalle a cikin motar haya.

Saboda haka ga shawarata ga duk yaron da zai saya, da duk uban da zai biya. A je shago da ƙafa, ko a Alaba ko a ina ne. Zauna da ita minti goma ka ga ko tana sulalewa. Tashi ka rataya ta, ka saki hannuwa biyu, ka ga ko wuyan zai faɗi. Kai yatsunka har ƙarfe na ƙarshe ka ji ko katako ya tare ka. Duba tazarar tsirkiya da ƙarfe na 12, bai kamata ta wuce kamar milimita 2 da wani abu sosai ba. Ja tsirkiya da ƙarfi ka ji ko saitin ya gudu. Tambayi nauyinta, domin jita ta gama-gari tana tsakanin kilo 3 zuwa 4 da ɗoriya, abin da ya wuce haka kafaɗarka ce za ta biya. Idan ta tsallake duk waɗannan kuma siffarta ta kifi ce ko ta jirgin sama, saye ta, Allah ya sa albarka. Idan ta faɗi, bar musu abinsu su rataye a bango, can ne gurbinta.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.