Lissafin da ke naɗa zakara a wasannin gwada ƙarfi

A gasar Olamfik ta birnin Paris a shekarar 2024, Nafissatou Thiam ta Beljiyam ta lashe lambar zinariya a wasan heptathlon mai fannoni bakwai da maki 6,880, yayin da Katarina Johnson-Thompson ta Birtaniya ta samu 6,844. Maki 36 kacal ne suka raba su bayan kwana biyu ana fafatawa.

Irin wannan ƙaramar tazara kan sake tayar da tsohuwar muhawara: ta yaya za a haɗa gudu da ake aunawa da daƙiƙa, da tsalle da jifa da ake aunawa da mita, a fitar da zakara guda?

A wasan decathlon na maza mai fannoni goma, ana amfani da wani jadawali da ya fara aiki a 1985, wanda ke mayar da kowane sakamako zuwa maki. Wanda ya yi tsallen nesa na mita 7.76 zai samu maki dubu, haka shi ma wanda ya jefa dalma mita 18.40. Da wannan ma'auni ne Kevin Mayer na Faransa ya kafa tarihi da maki 9,126 a 2018.

To sai dai jadawalin kansa ya taɓa sauya mai riƙe da kambu. Bajintar da Daley Thompson na Birtaniya ya nuna a Los Angeles a 1984 ta tsaya a maki 8,798, daidai da na Jürgen Hingsen na Jamus ta Yamma. Da aka sake lissafi da sabon jadawali, Thompson ya koma 8,847, Hingsen kuwa 8,832. Babu wanda ya sake gudu ko tsalle, amma tarihin duniya ya zama na mutum ɗaya.

Gasar CrossFit, wadda aka fara a jihar California ta Amurka a 2007, ta bi wata hanyar daban. Da yake wasanninta na sauyawa kowace shekara, daga ɗaga nauyi zuwa iyo da hawa igiya, babu yadda za a yi mata tsayayyen jadawali. Don haka ana ba da maki gwargwadon matsayi: na ɗaya ya samu ɗari, na bayansa su riƙa raguwa.

Masu sukar tsarin na cewa ba ya la'akari da girman rata. Wanda ya yi fintinkau da minti biyu, da wanda ya sha da ƙyar da rabin daƙiƙa, ladansu ɗaya. Hasali ma, makomar manyan 'yan takara biyu kan rataya ne a kan yawan mutanen da suka faɗo tsakaninsu.

Wannan ne ya sa masu nazarin alƙaluman wasan ke ba da shawarar a koma ga hanyar daidaita sakamako da aka sani a ilimin ƙididdiga. Za a fitar da matsakaicin sakamakon duka 'yan wasa a kowane fanni, sannan a auna nisan kowa daga wannan matsakaici, idan aka kwatanta da yadda sakamakon ya bambanta a tsakaninsu. Ta haka kilo da daƙiƙa za su hau ma'auni guda, kuma babbar rata za ta jawo babban lada.

Amma ita ma hanyar tana da nata cikas. Ɗan wasa guda da ya ji rauni ya ƙare can baya yana iya jirkita lissafin kowa. Gwanin fanni ɗaya kuma zai iya tara makin da zai rufe gazawarsa a sauran, alhali manufar gasar ita ce gano wanda ya iya komai. Bugu da ƙari, ɗan kallo ba zai san wanda ke gaba ba har sai na ƙarshe ya kammala, kwamfuta ta yi aikinta.

Abin lura shi ne kowane tsari yana da wanda yake fifitawa. Lissafin matsayi na taimakon mai tafiya daidai wa daida a kowane fanni, na rata kuwa na taimakon mai yin zarra. Tun da kuɗin lada da kwangilolin talla sun dogara da wannan jeri, zaɓen ma'auni hukunci ne a kan ma'anar gwaninta, wanda ya kamata a bayyana wa 'yan wasa tun kafin a busa usur.