Zakkar coci ba ta wanke haƙƙin 'yar aiki

Mabiya ɗariƙar Momon, masu cibiya a birnin Salt Lake na jihar Yuta a Amurka, an san su da kai wa coci kashi ɗaya cikin goma na samunsu. Madalla. To amma maigidan da ya fitar da wannan kaso, sannan ya danne albashin matar da ta baro Meziko tana masa shara da wanki da raino, me ya fitar? Guminta ya kai coci.

Mu da ke zaman baƙunta a nan Kudu mun san wannan dabara: "a bari sai ƙarshen wata", wata ya ƙare a ce sai na gaba. Ita kuwa in ta matsa, sai a tuna mata ba ta da takardar zama. Alhali tun 1974 dokar Amurka ta sa 'yan aikin gida cikin tsarin mafi ƙarancin albashi, yau dala 7.25 a awa, kuma rashin takarda ba ya soke kuɗin aikin da aka riga aka yi. Tsoratarwa ce kawai.

Abin haushin, kakanninsu ma korarru ne. An fatattake su daga Misuri da Ilinoi, suka isa Yuta a 1847, lokacin yankin yana hannun Meziko. A 2010 cocin da kansa ya goyi bayan kiran a tausaya wa baƙin haure. To limamansu na unguwa, da ke zama da mabiya duk shekara kan batun zakka, su ƙara tambaya ɗaya mana: ka biya 'yar aikinka?