Light, Night, Eight: Kalmomi 'Yan Gida Ɗaya Masu Rikita Yara

Wannan makon mu ɗan ajiye maganar zazzaɓi da rigakafi, mu leƙa jakar makarantar yara. Akwai aikin gidan da kusan kowane ɗan firamare yake dawowa da shi: a rubuto kalmomin Turanci guda goma masu haruffa biyar da suka ƙare da kaza. Yaro ya miƙo littafi, uwa ta ɗauki waya ta kwafo masa jeri daga intanet, ya juye, malami ya ba shi maki. Kowa ya huta, amma ba a koyi komai ba. Ranar shifta sai a ga sifili, a ce yaron ba ya ja.

Sau da yawa ba daƙiƙanci ba ne. Yaronmu ya taso da harshen da ake rubuta shi kusan yadda ake faɗarsa. In ya san b da a, ya san ba, daga nan sai baba da babba. Turanci kuwa haruffa 26 yake da su, amma sautukansa sun kai kamar 44, dole harafi ɗaya ya yi aikin biyu ko uku, wani kuma yana zaune a kalma ba a furta shi. Shi ya sa malamai suke tara kalmomi gida-gida, don yaro ya gane fasali ɗaya ya buɗe kalmomi da yawa da shi.

Ɗauki gidan ight. Light haske, night dare, right dama ko daidai, fight faɗa, sight gani, tight abin da ya matse, might ƙarfi. Duk haruffa biyar, na farko kaɗai ke canzawa, kuma duk ana ƙare su da "ait". Yaron da ya riƙe wannan ya samu kalmomi bakwai a kuɗin ɗaya, kuma gobe in ya ci karo da bright ko flight ba zai tsaya ba. Sai ga eight, takwas. Haruffa biyar, ƙarshe iri ɗaya, amma "eit" ake cewa. Ki gaya masa tun wuri cewa wannan baƙo ne a gidan, 'yan uwansa su ne weight da freight.

In ya tambaye ki amfanin gh ɗin da ba a faɗa, kada ki ce masa haka Bature ya ga dama. Da can ana furta shi, da wani sauti na maƙogwaro mai kama da harafin kha na Larabci da yake ji a Islamiyya. Har yau Jamusawa suna furta irinsa a kalmarsu ta dare, Nacht, da ta takwas, acht. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, bakin mutane kuwa ya ci gaba da canzawa. Sautin ya mutu, haruffan suka rage. Yara suna son irin wannan labarin, kuma abin da aka ba su labarinsa ba su cika mantawa ba.

Gidan da ya fi kowanne rigima shi ne ough. Cough tari, ana cewa "kof". Rough da tough, "raf" da "taf". Dough, kwaɓaɓɓiyar fulawa, "do". Bough, reshen itace, "bau". Kalmomi biyar, furuci huɗu. Nan babu dabara, kowacce sai an koye ta da ma'anarta, don haka ni ban ga dalilin ɗora wa ɗan aji biyu su ba. Cough dai ki fara da ita, ga ta nan a jikin kwalbar maganin tari a ɗakinki.

Ga ƙanana, haruffa uku da huɗu sun isa: cat, hat, mat, rat. A nan ki sa kunne ga p da f, tunda bakin Bahaushe yana haɗe su. Pan da fan, pat da fat, pill da fill. A wurin aiki muna jin pill, ƙwayar magani, ta koma fill a bakin manya masu digiri, to gara a gyara tun harshe yana da taushi. Riƙe ƴar takarda gaban bakinsa: p leɓe biyu ke haɗuwa iska ta fashe, takardar ta motsa, f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.

Ba sai kin yi zurfi a boko ba. Yanka kwalin sabulu, rubuta ight a babban yanki, l, n, r, f, s, t, m a ƙanana. Ya ɗora harafi, ya karanta, ya faɗi ma'anar da Hausa, ya sa kalmar a jimla. In bai iya ma'anar ba, kalmar ba ta shiga ba, ko da ya rubuta ta daidai. Minti goma bayan magariba ya fi awa guda ana kuka ranar Lahadi da dare.

Masu yara 'yan sakandare, akwai wasan Wordle a waya, wanda Josh Wardle ya fitar a 2021, jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022. Kalma ɗaya a rana, haruffa biyar, dama shida. Kore na nufin harafi ya zauna a gurbinsa, rawaya yana cikin kalmar amma ba nan ba, toka-toka babu shi. Sai dai rubutun Amurka yake bi, za ki ga color da favor, alhali makarantunmu sun fi bin na Ingila, colour da favour. Ki nuna wa yaro bambancin kafin ya kai shi takardar jarrabawa.

Ga na wannan makon, ke da yaranki, ban da waya: kalmomi shida masu haruffa huɗu da suka ƙare da ake, kowacce da ma'anarta da Hausa. Na ba ku cake kyauta. Ku turo sauran, da shekarun yaron da ya samo su.