An Ɗaure Mai Rahoto, To Ina Rahoton?

A cikin 'yan majalisar da aka yi a ƙasar nan tun daga 1999, da wuya a sami wanda talakawa suka saurari bakinsa kamar Faruk Lawan, wanda ya wakilci Bagwai da Shanono ta jihar Kano a Majalisar Wakilai har sau huɗu. Mutum ne ɗan ƙaramin jiki mai kaifin harshe, wanda in ya miƙe a zauren majalisa sai kowa ya yi tsit. A lokacin da mafi yawan wakilai ba a san muryarsu ba sai ranar rabon alawus, shi kam yana da abin faɗa a kan kasafin kuɗi, da ilimi, da yadda ake wadaƙa da dukiyar jama'a.

A 2007 ne sunansa ya game ƙasa. Shi ya jagoranci gungun wakilan da suka tsaya kai da fata sai Shugabar majalisa, Patricia Etteh, ta sauka, saboda kwangilar Naira miliyan 628 da aka bayar da sunan gyaran gidanta da na mataimakinta da sayen motoci. An yi makonni ana kai ruwa rana, har a cikin hayaniyar ne Dakta Aminu Safana na Katsina ya yanke jiki ya faɗi a zauren, ya rasu, Allah ya jiƙansa. A ƙarshen Oktoba na shekarar matar ta ajiye muƙami. Daga nan jaridun kudu suka laƙaba wa Faruk sunan mai gaskiya, samari kuma suka riƙa kafa misali da shi a majalisun hira da teburan masu shayi.

Don haka babu wanda ya yi mamaki da aka damƙa masa bincike mafi girma a tarihin majalisar. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta wayi gari ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga Naira 65 zuwa 141. Jama'a suka fantsama kan tituna a Kano da Kaduna da Legas da Abuja, ƙungiyoyin ƙwadago suka tsunduma yajin aiki, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka zubar da jinin bayin Allah, kafin mahukunta su sassauto zuwa Naira 97. A cikin wannan yanayi ne Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Aminu Tambuwal, ta katse hutunta ta zauna ranar Lahadi, ta kafa kwamiti, ta ce Faruk ya shugabance shi.

Ya kamata mai karatu ya natsu ya dubi abin da kwamitin nan ya tono, domin a nan ne maganar take. An ware Naira biliyan 245 don tallafin mai a kasafin 2011, amma abin da aka kashe ya haura Naira tiriliyan 2.5, wato fiye da ninki goma, ba tare da majalisa ta amince ba. Kamfanonin da ake biya kuɗin shigo da mai, waɗanda a 2006 ba su cika goma ba, sun zama 140 a 2011, wasu babu ma'ajiyar mai, wasu sun karɓi kuɗi ba su kawo ko ɗigo ba. Ana biyan tallafin lita miliyan 59 a kowace rana, alhali abin da ƙasar ke sha bai wuce kimanin miliyan 35 ba. Har ma rahoton ya nuna yadda a Janairun 2009 aka fitar da Naira miliyan 999 har sau 128 a cikin awa ashirin da huɗu. Sau 128! Ko a kasuwar ƙauye aka ga mai awo yana maimaita lamba ɗaya haka, ai an san akwai lauje cikin naɗi. Kwamitin ya ce kamfanin mai na ƙasa NNPC, da hukumar ƙayyade farashi PPPRA, da dillalan mai su dawo da abin da ya haura Naira tiriliyan ɗaya.

Wannan shi ne mafi girman abin da Faruk Lawan ya taɓa kawowa gaban majalisa, kuma ya tabbatar da abin da masu zanga-zanga suka faɗa tun farko, cewa kuɗin da aka ce talaka ne ke cinyewa a farashin mai, wasu 'yan tsiraru ne ke kwashewa.

To amma ranar 24 ga Afrilun 2012, ana cikin muhawara a kan rahoton, sai shi wannan baki da ya yi tonon ya miƙe ya roƙi majalisa ta cire sunayen kamfanoni biyu, Zenon da Synopsis, daga jerin waɗanda aka ce sun karɓi kuɗin waje ba su shigo da mai ba. Wakilai suka amsa da murya ɗaya, aka cire. Babu wanda ya tsaya ya tambayi hujja, domin wa zai tuhumi mai gaskiya? Ba a yi wata biyu ba attajirin nan Femi Otedola, mai kamfanin Zenon, ya fito ya ce Faruk ya nemi Dala miliyan uku, kuma ya miƙa masa Dala 500,000 da sanin jami'an tsaron farin kaya, waɗanda suka ɗauki hoton abin. Faruk ya ce ya karɓa ne don ya tona asirin mai bayarwa. Kotu ba ta gamsu da wannan ba. A Yunin 2021 aka yanke masa shekara bakwai, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar biyar a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024, ya fito daga kurkukun Kuje a Oktoban wannan shekarar.

Babu mai hankalin da zai wanke shi. Wanda aka ba amanar jinin mutanen da suka faɗi a kan titi, ya je ya zauna ciniki da ɗaya daga cikin waɗanda yake bincike, ya ci amanar da ta fi ƙarfin Dala dubu ɗari biyar. Kuma laifin bai tsaya a kansa ba. Majalisar da ta amince da buƙatarsa cikin ƙiftawar ido, ita ce ta dawo a watan Yuni ta tsige shi daga kwamitin, ta mayar da sunayen da ta cire, kamar ba ita ta ce "e" ba. Wakilai 360 sun jingina hankalinsu ga sunan mutum ɗaya, sun bar aikin da aka turo su yi, wato tambaya. Samarin da suka ɗauki ɗabi'ar cewa wane ya faɗa, shi ke nan magana ta ƙare, su dubi abin da wannan ɗabi'a ta haifar a zaure mafi girma a ƙasar.

Abin tambaya a nan shi ne, shin cin hancin Faruk ya mayar da tiriliyan 2.5 ta zama ƙarya? Ya goge biyan nan 128? Alƙaluman nan daga takardun Babban Banki da ofishin Babban Akanta da na hukumomin mai aka ciro su, a zaman da aka nuna wa duniya a talabijin. Amma tun ranar da labarin Dala ya fito, sai hira ta koma kan wa ya ba wa, da ƙarfe nawa, a gidan wa. Waɗanda rahoton ya ambata suka sami abin da suke nema, ya zama duk wanda ya ɗaga maganar tallafi sai a ce masa ai mai rahoton ma ɓarawo ne. Hukumar EFCC ta gurfanar da wasu dillalai, aka ɗaure 'yan ƙalilan bayan shekaru ana jan ƙafa, amma babu wani minista ko shugaban NNPC na wancan lokaci da ya kwana a kurkuku saboda abin da ke cikin rahoton, kuma ba a taɓa fitowa an gaya wa jama'a cewa tiriliyan ɗayan nan ta dawo baitulmali cif ba.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabinsa na kama mulki, da hujjar cewa masu kuɗi ne ke amfana da shi, wato abin da rahoton 2012 ya riga ya faɗa da sunaye da alƙaluma. Lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500 a cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira dubu. Ɗan acaɓa da mai injin markaɗe da ɗalibin da ke hawa mota zuwa makaranta su aka miƙa wa takardar biyan bashin, rahoton kuma yana nan a ma'ajiyar majalisa da sunayen waɗanda suka ci.